Jan Gari a Hannun Kaushila

Kaushila ta durƙusa a tsakiyar shagon Gyaljen, ta danna babban yatsanta a kan hancin takalmin da ke ƙafar 'yarta.

"Motsa yatsunki in ji."

"Ama, na motsa."

"Ban ji ba. Sake."

Yamuna ta ɗaga ido ta dubi mai shagon tana neman agaji, shi kuwa ya ci gaba da kurɓar shayinsa kamar ba da shi ake ba. Gyaljen tsohon ja-gora ne. Tun da gwiwa ta hana shi hawa ya buɗe wannan ɗan shago a bakin tafkin Pokhara, yana ba da hayar rigunan sanyi da buhunan barci da takalman da baƙi suka hau dutse da su suka bari. Ko'ina a shagon warin tsohon gumi ne da kananzir.

"Ƙyale ta ta duba," in ji shi. "Takalmin da ya matse ki a nan, can sama shi zai cinye miki yatsu. Ko in cire safa in nuna miki abin da ya rage a tawa ƙafar?"

"Rufa mana asiri, Yaya Gyaljen," in ji Yamuna, "ko karyawa ba mu yi ba."

Yau da rana mota za ta ɗauki Yamuna zuwa garin Besisahar, daga nan kuma sai tafiyar ƙafa har mashigar Thorong da ke can saman duwatsu. Mataimakiyar ja-gora ce, ita da wata babba za su raka waɗansu Turawa mata. Wannan ne hawanta na farko zuwa inda iska ke ƙaranci. Ta wannan mashigar ubanta ya bi da kayan mutane a baya, aka sauko da gawarsa a cikin kwandon da ya tafi da shi. Ciwon tsauni ne ya kama shi, kansa na sarawa ya yi shiru, yana amai a bayan dutse yana dawowa yana dariya, don kada a ce ya gaza a daina kiransa aiki. Gyaljen na cikin waɗanda suka ɗauko shi.

"To, malama ja-gora," in ji Gyaljen, "idan kai ya fara sarawa?"

"A tsaya, a sha ruwa, kada a ƙara hawa."

"Idan amai ya zo, ko mutum ya fara tangaɗi kamar ya sha giya?"

"A sauko da shi nan take, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara."

"Idan ke ce mutumin fa?"

Yamuna ta sunkuya tana ɗaure igiyar takalmin da ta riga ta ɗaure.

"Kin gani?" Gyaljen ya ce wa Kaushila. "Bakinta ya iya karatu. Na ubanta ma ya iya."

A hanyar gida Kaushila ta tsaya ta sayi tafarnuwa mai yawa, don kowa ya san romonta na taimakon jini a can sama, ko da yake Yamuna ta ce a wajen horo an gaya musu ƙwayar da ke jakarta ta fi. Ta sayi kindirmo a ɗan kasko, da ayaba, da ƙullin jan gari. Mai sayar da garin ya dubi tsagar kanta da babu jan garin da matan aure ke sawa, ya dubi zanenta mai ruwan toka, ya miƙa wa Yamuna ƙullin. Kaushila ta saba da irin wannan, amma sabo bai hana abu zafi ba.

"Ki yi mini alkawari ɗaya," ta ce da suka shiga lungunsu. "Idan kanki ya sara, ki faɗa, ki sauko."

"Ama, mun sha yin maganar nan."

"Mun sha yi, ba ki taɓa amsawa ba."

"Hawana na farko ke nan. In juyo saboda ɗan ciwon kai? Maza na can na jira su ce ai dama mun faɗa, aikin nan ba na mata ba ne. Wa zai sake kirana?"

Kaushila ta taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, daga bakin wani mai irin wannan haɓar da irin wannan taurin kan. Ta gyara riƙon kayan ta ci gaba da tafiya.

Ɗaki ɗaya suke haya a bene na biyu, a gidan Bishnumaya. Daga ƙauyensu na kan tudu suka sauko bayan rasuwar, Kaushila ta samu aikin wankin zannuwan gado a wani masaukin baƙi. Tun safe har yamma daga ita sai ruwa da sabulu, shi ya sa duk zaman da ta yi a birnin nan, matan da za ta iya ƙwanƙwasa wa ƙofa ba su wuce na cikin gidan ba.

Matafiyi kuwa ba ya fita haka kawai. Sai an cika tuluna biyu na tagulla da ruwa an ajiye dama da hagun ƙofa ya bi ta tsakaninsu. Sai an kwaɓa ɗanyar shinkafa da kindirmo da jan gari, an manna masa a goshi, abin da ake kira tika, an sa masa albarka. Hannun da zai manna kuma ana so ya zama na mace mai miji a raye. Matar mamaci ba ta sa ja, ba ta taɓa shi, kuma a ƙauyen Kaushila ko fuskarta ba a so mai tafiya ya gani a bakin ƙofa. Surukarta ta gaya mata haka a fili tun ba a gama makoki ba, ta kira ta mai farar ƙafa, wadda ta cinye mijinta. Kaushila ba ta yi musu ba. Abin da ya fi muni, ta yarda.

Shi ya sa tun da aka sa ranar tafiya ta roƙi Bishnumaya ta sa wa Yamuna tikar, ita kuma ta amsa da murna, don mace ce mai son a ce ba a yi abu babu ita ba.

Suna shiga tsakar gida suka tarar da akwati a ƙasa, mijin Bishnumaya na waya yana ɗaga murya, ita kuma tana tura kaya cikin jaka idonta jawur.

"Didi, lafiya?" in ji Kaushila, don haka ake kiran yaya mace a nan.

"Ina fa lafiya! Wan maigidan ne ya faɗi a gona da safen nan, ko asibiti ba a kai ba. Yanzu za mu kama hanyar ƙauye." Ta fyace hanci, sai idonta ya faɗa kan kaskon kindirmon. "Wayyo, uwar Yamuna! Yau ce ko? Kin ga mutuwa ta shigo mana, hannuna ya ƙazantu. Ko gishiri ba zan ci ba sai an gama makoki, balle in taɓa ja. In na sa mata ma cutar ta zan yi."

"Haka ne, Didi. Ubangiji ya ba ku haƙuri."

"Ki gwada Rupa. Yarinya ce, amma ai mijinta na nan da ransa, ko da yake rabonta da shi tun da ya tafi Qatar."

Yamuna ta haye sama da kaya tana cewa ita fa duk wannan bai dame ta ba. Kaushila ta nufi ɗakin ƙarshe ta ƙwanƙwasa. Rupa ta buɗe kaɗan, waya manne a kunne, ta ja baya da sauri don kada zanensu ya haɗu.

"Anti, kada ki taɓa ni, ba ni da tsarki. Jiya ya zo. Ko girki ban yi ba, biskit nake ta ci kamar ɓera."

Kaushila ta faɗi abin da ya kawo ta duk da haka, ko don ta ji ta faɗa wa wani.

"Kash! Da shekaranjiya ce. Amma Anti, ke ki sa mata mana. Wa zai gani? Yanzu fa an daina wannan, a talabijin ma an ce camfi ne."

"Ke da kika ce camfi ne, me ya hana ki shiga kicin?"

Rupa ta yi dariya ta rufe baki. "Ai wannan daban."

Kowa nasa daban ne. Kaushila ta juya ta fita titi ba tare da ta san inda za ta ba.

Rana ta take. Titin cike yake da mata, kuma kamar da gayya, kowace da jan gari a tsagar kai, da jajayen awarwaro, da tsakiyar aure a wuya. Wata na cinikin tumatir, wata na jan yaro, waɗansu biyu na kan babur suna dariya. A ƙauye da tuni magana ta ƙare, ta leƙa ta kan katanga ta kira matar ƙanin miji ko wata gwaggo. A nan kuwa ta tsaya a gefen kwata tana duban fuskoki, tana auna wadda za ta fi sauƙin roƙo. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba, ko a ranar da mijinta ya rasu aka fasa mata awarwaro aka wanke mata jan garin kai.

A bakin ɗan wurin bauta na mahaɗar titi ta ga wata dattijuwa mai ƙiba, ta fito da faranti da furanni, fuskarta da alamar kirki. Kaushila ta haɗa tafin hannu ta gaishe ta.

"Didi, don girman Ubangiji, wata alfarma nake..."

Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta buɗe 'yar jakarta ta fara laluben canji.

"A'a, ba wannan ba. 'Yata ce za ta hau dutse yau, ba ni da mai sa mata tika. Gidan ba nisa, nan bayan..."

"In bi ki gida? Ban san ki ba, baiwar Ubangiji." Ta ja farantinta jikinta, ta ɗan kauce. "Ki je wajen danginki mana. Ba ku da dangi ne?"

Ta wuce tana waiwaye. Kaushila ta tsaya har kunyar ta ɗan sake ta, sannan ta koma gida, don ko ba komai akwai romon tafarnuwa da ba a dafa ba.

Ta tarar Yamuna ta baje kaya a kan gado tana shiryawa: safa, hular ulu, tabarau mai duhu saboda hasken ƙanƙara, gorar ruwa, da ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna ko iska ta ishi jini. Ta kama yatsan uwarta ta maƙala masa.

"Kin gani? Ama, ke ya kamata ki hau, jininki ya fi nawa."

"Cire mini wannan abin."

Suka ci abinci, shinkafa da romon wake da ganye. Kaushila na ci da hannu kamar kowane mai hankali, Yamuna kuwa da cokalin da ta saya tun da ta fara horo, wai tana koyon ci a gaban baƙi.

"Abinci ba ya daɗi da ƙarfe," in ji Kaushila, kamar yadda take faɗa kullum. "Ubangiji ya ba ki cokula biyar a hannu, kin je kin sayo na shida."

"Zan bar miki shi ki riƙa tunawa da ni."

"Tafi da abinki."

Da aka gama, Kaushila ta wanke tulunan da toka har suka yi ƙyalli, ta cika su a famfo, ta hau da su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa. Ruwa dai ba ja ba ne. Ta zuba shinkafa da kindirmo a faranti, ta ajiye ƙullin garin a gefe ba ta kwance ba.

"Ki kwaɓa da kanki," ta ce, tana duban bango. "Ki duba madubi ki manna. Ki ɗauki ayabar. Ki fita da ƙafar dama, ta tsakanin tulunan, kada ki waiwaya. Ni zan hau sama in kwashe shanya."

"Ama, babu shanya a sama."

"To zan je in duba ko akwai."

Ta haye rufin bene ta zauna a bayan tankin ruwa, inda ba a ganin ƙofar gida. Daga nan duwatsun suke fitowa fes idan gari ya washe, farare ƙal, sun tokare sama. Baƙi na ƙetaro duniya don su gan su. Ita kuwa ko kallonsu ba ta son yi, ta juya musu baya ta rungume gwiwoyinta. Ta ji motar su Bishnumaya ta tashi. Ta ji rediyon wani gida. Can ta ji wata motar ta tsaya a bakin lungu ta danna oda, ta san ta Yamuna ce. Ta runtse ido tana jiran ƙarar ƙofa.

Sai ta ji takun sababbin takalma masu nauyi a kan matakala, suna hawowa.

"Kada ki zo nan! Kada ki dube ni!" Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yamuna ta zagayo tankin, jaka a baya, faranti a hannu. Ta kwaɓa garin, ya yi ja kamar jini, amma goshinta babu komai. Ta durƙusa da ƙyar saboda nauyin jakar.

"Ama, buɗe fuskarki."

"Ki tafi, ana jiran ki."

"Su jira. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ranar da Baba ya tafi, wa ya sa masa?"

Kaushila ta ƙara jan mayafin.

"Ke ce. Ina tsaye a bakin ƙofa, na gani. Jan zanenki na biki kika ɗaura, tsagarki cike da gari, awarwaro har gwiwar hannu. Tulunan nan biyu ne, kin cika su har suna zuba. Babu abin da kika rage, Ama. Ya hana?"

"Rufe mini baki." Muryarta ta fito daga cikin mayafin. "Ba a faɗin irin wannan ranar tafiya."

Odar motar ta sake tashi, wannan karon da tsawo. Wani ya ƙwala kira daga ƙasa, "Yamuna! Ko sai mun aiko da doki?"

"Ina zuwa!" Ta juyo. "To ji nan. Tun da aka sa ranar nan kike bi na da alkawari. Zan yi miki. Zan dafa kanki in rantse. Amma sai kin sa mini da hannunki. Idan ba haka ba, in tafi da goshi fari da baki a rufe, kowa ya riƙe nasa."

"Ciniki kike yi da uwarki?"

"Wa ya koya mini?"

Kaushila ta sassauta mayafin, ta dubi farantin. Ta yarda da abin da surukarta ta faɗa, har cikin ƙashinta ta yarda, maganar Yamuna ba ta kankare ko kaɗan ba. Idan ta sa hannu a garin nan wani abu ya faru a can sama, ta san ba za ta ƙara yin barci ba har ta mutu. Amma kuma ta san yarinyar da ta haifa. Wanda ya dafa kan uwarsa ya rantse ya karya, kan uwar ya ɗauka, Yamuna kuwa duk iya shegenta da karatunta ba za ta yi wasa da wannan ba. Ba ta taɓa ganin farar ƙafa da idonta ba. Kwandon nan kuwa ta gan shi.

"Ke za ki fara," ta ce.

Yamuna ta ɗora tafin hannunta a kan uwarta, daidai kan tsagar da babu ja.

"Idan kaina ya sara zan faɗa. Idan aka ce in sauko zan sauko."

"Ko ba a ce ba."

"Ko ba a ce ba."

"Ko saura taku kaɗan a kai."

Nan ne wurin ya yi wa Yamuna zafi. "Ko saura taku kaɗan."

"Ko za su yi miki dariya, ko ba za su ƙara kiran ki ba."

"Ama, motar..."

"Faɗi!"

"Ko ba za su ƙara kira na ba. Na rantse da kanki."

Kaushila ta miƙa hannu. Yamuna ta matso da farantin. Kwaɓin da sanyi, da danƙo, kamar yadda ta san shi da. Ta ɗebo da yatsu uku ta manna a goshin 'yarta, ta danna da kyau don kada ya faɗi, 'yan ƙwayoyin shinkafa suka zubo kan hancin Yamuna. Kalmomin albarkar da ta ɗauka ta manta suka zo da kansu: kada ƙaya ta soke ki, kada dutse ya motsa a ƙarƙashinki, ki je da ƙafarki ki dawo da ƙafarki. Yamuna ta sunkuya ta taɓa ƙafafun uwarta da goshi, ta bar musu ɗan ja, ta miƙe.

"Ta tsakanin tulunan!" Kaushila ta bi ta da kira. "Ki shiga ɗaki ki fito ta tsakaninsu! Ƙafar dama!"

"Na ji!"

Ba ta leƙa ta ga tashin motar ba, wannan kam ya fi ƙarfinta. Sai da ƙarar ta ɓace ta sauko.

Gidan ya yi tsit. An kulle ƙofar Bishnumaya da kwaɗo, Rupa na can ciki tana hira da Qatar ƙasa-ƙasa. A ɗaki gadon ya yi faɗi, ƙusar da jakar ke rataye ta zama ƙusa kawai. Jajayen ƙwayoyin shinkafa sun zuba daga bakin ƙofa har matakala. Ta kai hannu ga tsintsiya, ta tuna ba a share gida ranar da wani ya yi tafiya, ta mayar. Ta zauna a bakin gado, hannun dama a buɗe a kan cinya, tana kallon yatsunta uku. Tsoron bai tafi ba, ta san kuma ba zai tafi ba sai ranar da ta sake jin takalman nan a kan matakala.

Da rana ta yi sanyi yunwa ta taɓa ta. Ta zuba sauran shinkafar a kwano, ta je famfo don ta wanke hannu. Ta buɗe ruwan, ta tsaya tana kallon sa yana zuba. Garin ya bushe a yatsunta, ya shiga har ƙarƙashin farce.

Ta rufe famfon da hagu, ta koma ɗaki. Cokalin Yamuna na nan cikin kwandon kwanuka inda ta bar shi. Kaushila ta ɗauka, ta juya shi, ta rasa ta inda ake riƙewa, ta damƙe shi kamar muciya. Lomar farko rabinta a zane ya zube. Ta tsince, ta sake ɗebowa.